Gishirin Miya Yana Gyara Fata, Amma Ba Ya Sauya Halitta

Da zarar hunturu ya kunno kai, bukukuwan aure da na Kirsimeti sun ƙarato ke nan. A irin wannan lokaci ne mukan ga abin da ke ɗaga mana hankali a wurin koyarwar masu shirin aure: yarinyar da muka sani baƙa mai sheƙi, sai ta bayyana fuskarta ta yi ja, gaɓoɓin yatsunta kuwa baƙi ƙirin. In aka tambaya, sai ta sunkuyar da kai ta ce kaushi da tabo take son kawarwa. Man bilicin ne ya yi aikinsa.

Abin ba ƙarami ba ne. A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna shafa man sauya launi. Wasu mayukan suna ɗauke da zaiba, wadda takan ratsa fata ta lalata ƙoda. Wasu kuma sukan sirantar da fata har nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa da wuri.

Alhali kuwa maganin kaushi yana nan a madafinmu. Fatar mutum takan sabunta kanta kusan kowane mako 4, matacciyar kuma takan taru a sama ta dusashe hasken jiki, musamman da hunturu. Gishiri yakan kankare ta, mai kuma ya tausasa sabuwar da ke ƙasa. Wannan ba baƙon abu ba ne. Matan Barno da na Sudan sun daɗe suna murje jikin amarya da dilka. Littafin Esta sura 2 ma ya nuna cewa wata 12 ake yi ana gyaran jikin 'yan mata da mai da turare.

Ga yadda ake haɗawa. A sami gishiri mai laushi cokali 4, man kaɗe da aka narkar ko man gyaɗa cokali 2, da zuma cokali 1, a gauraya. A jiƙa jiki da ruwan ɗumi, a murza a hankali a gwiwa, gwiwar hannu da diddige na minti 2, a ɗauraye, sa'an nan a shafa mai. Sau ɗaya a mako ya isa.

Sai dai a kula. Kada a kai shi fuska, domin fatarta ba ta da kauri, kuma murza ƙuraje yakan ƙara fusata su ya bar tabo. Kada a sa a kan rauni, faso mai jini, makero ko ƙyasbi. Kada a haɗa da kanwa ko lemun tsami, gama sukan ƙona fata. Jarirai kuwa, ko kusa. Mai ciwon sukari ta tambayi ma'aikacin lafiya kafin ta murza ƙafa. Ƙurajen da suka ƙi ji, asibiti ne wurinsu.

Gaskiyar da za mu faɗa wa 'ya'yanmu ita ce, gishiri ba zai mai da kowa fara ba. Zai dai fito da launin da Allah ya ba ta, fes. Muna roƙon iyayenmu na Zumuntar Mata su ɗauki wannan koyarwa a taronsu. Ku kuma samari, ku daina yabon farar fata a gaban 'yan mata, gama bakinku ne ke tura su kasuwa. Wanda ya halicce mu bai yi kuskuren launi ba.

Ubangiji ya ba mu ganewa. Amin.