Daga kullen Daura zuwa Omikron: Abin da ɗalibin Katsina ya kamata ya sani game da korona

Ɗalibin da yake aji 1 na babbar sakandare a watan Maris na 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda korona, shi ne ya zana jarrabawar WAEC da NECO a 2022. Ke nan kusan duk karatunsa na babbar sakandare a cikin annoba ya yi shi. Da aka koma zango na biyu a watan Janairun 2022, wani sabon suna ya riƙa yawo a rediyo da wayoyi, wato Omikron. Tambayar da ƙannenmu suka riƙa yi a lokacin ita ce: shin za a sake rufe makarantu? Amsar tana da alaƙa da abubuwa uku, wato yadda ƙwayar cutar ke sauya kama, da yawan mutanen da suka yi rigakafi, da kuma yadda muke zirga-zirga.

Yadda ta iso mu

An fara jin labarin cutar a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamban 2019. A ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da ita a Najeriya, a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. A lokacin mutane da yawa a nan gani suke yi abin na can nesa ne, cutar masu hawa jirgi. Sai a farkon watan Afrilu Gwamna Aminu Bello Masari ya sanar cewa gwaji ya tabbatar da korona a jikin wani likita da ya rasu a Daura. Aka sa wa Daura dokar kulle, kafin watan ya ƙare kuma aka kulle birnin Katsina.

Duk wanda ya ga wancan lokaci ba zai manta ba. Babbar kasuwa a rufe, titunan Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya da ke cika da 'yan kurkura da masu babura sun yi tsit. Azumin shekarar a haka aka fara shi. Mai sayar da ƙosai da ɗan dako da mai faci, waɗanda sai sun fita suke samun na cefane, su suka fi jin jiki. Hawan Sallah, da mutane ke cika Ƙofar Soro domin kallonsa, bai yiwu ba a shekarar.

Tafiya ta zama aiki

Daga 4 ga Mayu, 2020 gwamnatin tarayya ta hana shiga wata jiha daga wata, sai motocin abinci da magani da sauran ayyukan dole, ta kuma sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Sai 1 ga Yuli aka ɗage hanin tafiya tsakanin jihohi. Wata biyu ke nan Bakatsine ba shi da ikon zuwa Kano sarin kaya ko duba ɗan'uwa. A wannan tsakani ne gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu na asali. Jiragen sama na cikin gida sun dawo aiki a watan Yuli, na ƙasashen waje kuma sai 5 ga Satumba.

Ta ɓangaren Nijar abin ya haɗu goma da ashirin. Tun watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwauri, sai korona ta zo ta ƙara ɗaure ƙullin. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, kuma da wuya ka sami unguwar da ba ta da dangi a can, amma biki da suna da gaisuwar mutuwa duk sai ta waya. A watan Disamban 2020 an buɗe iyakokin Illela da Maigatari, ba a sa ta Jibiya a cikin jerin ba.

Sai aikin Hajji. A 2020 Saudiyya ta taƙaita shi ga mutane kaɗan mazauna ƙasar. A 2021 ta amince da mutum 60,000 waɗanda suka yi rigakafi, su ma mazauna ƙasar kawai. Shekara biyu a jere babu jirgin alhazai da ya tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa. Akwai dattawan da suka sayar da shanu ko amfanin gona suka biya kujera, har farkon 2022 suna jira.

Ɗalibai ne suka biya kuɗin

'Yan ajin ƙarshe sun koma makaranta a farkon Agustan 2020, aka fara WAEC ranar 17 ga watan, maimakon Afrilu ko Mayu da aka saba. Sauran azuzuwa sun yi fiye da wata shida a gida. An gwada darussa ta rediyo da talabijin a jihohi da dama, amma yaron da babu wuta a gidansu, ko wanda aka tura talla ko gona, bai amfana ba. Mu da ke jami'a kuma kullen ya haɗu da yajin aikin malamai na wata tara, wanda sai 23 ga Disamba aka janye.

A Jihar Katsina akwai ƙarin wani nauyi. Ba a daɗe da komawa aji ba aka sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, aka sake rufe makarantu. Saboda haka ɗalibin Katsina ya fi kowa sanin darajar ƙofar makaranta a buɗe. Matsalar tsaro ba ta hannunmu, amma ta annoba muna da abin yi a kanta.

Me ya sa take sauya suna?

Ku ɗauki misalin kwafar darasi. Malam ya rubuta a allo, na farko ya kwafa, na biyu ya kwafa daga littafin na farko, na uku daga na biyu. Kafin a kai mutum na hamsin an sami kurakurai. Haka ƙwayar korona take. Idan ta shiga jikin mutum tana kwafar kanta sau miliyoyi, kuma a wajen kwafar ana samun kuskure. Yawancin kurakuran ba su da wani tasiri. Amma jefi-jefi akan sami wanda zai sa ta fi saurin yaɗuwa, ko ta iya zille wa garkuwar jiki. Wannan shi ake kira sabon nau'i.

Daga ƙarshen watan Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara raɗa wa nau'o'in suna da haruffan Girkanci, don a daina jingina cutar ga ƙasashe. Alfa a Ingila aka fara gano shi, Beta a Afirka ta Kudu, Gama a Birazil, Delta a Indiya. Delta ya iso Najeriya a watan Yulin 2021. Omikron kuma masana a kudancin Afirka ne suka gano shi, aka sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya ranar 24 ga Nuwamba, aka sa masa suna ranar 26. Yana da sauye-sauye fiye da 30 a ƙayar da ƙwayar ke amfani da ita wajen maƙalewa a jikin mutum, shi ya sa yake saurin kama jama'a.

Masu sha'awar kimiyya su lura da wannan: a Najeriya aka fara karanta tsarin halittar ƙwayar korona a duk nahiyar Afirka, a watan Maris na 2020, a wata cibiyar bincike da ke garin Ede na Jihar Osun ƙarƙashin Farfesa Christian Happi. Darasin Bayoloji da kuke gani kamar hadda ce kawai, nan yake kaiwa.

Hukumar NCDC ta tabbatar da Omikron a Najeriya ranar 1 ga Disamba, 2021. Birtaniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta hana shiga daga 6 ga watan, sannan ta janye ranar 15. Saudiyya ma ta dakatar da jirage daga Najeriya, abin da ya tsayar da masu niyyar Umara. Kafin ƙarshen watan NCDC ta ce an shiga zagaye na huɗu na annobar. Zuwa ƙarshen 2021 waɗanda gwaji ya tabbatar sun kamu a ƙasar nan sun haura 240,000, waɗanda suka rasu sun haura 3,000. A duniya kuwa mamatan sun wuce miliyan 5.

Rigakafi: abin da yake yi da wanda ba ya yi

Rigakafi kamar jarrabawar gwaji ce da ake yi kafin WAEC. Ana nuna wa jiki kamannin ƙayar ƙwayar cutar ba tare da an sa masa cutar ba, sai sojojin jiki su koyi yadda za su yaƙe ta. Ranar da ta gaske ta zo, ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Ciwon hannu ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu bayan allurar alama ce ta jiki yana wannan atisaye.

Wanda ya yi rigakafi zai iya kamuwa, musamman da Omikron. Amfaninsa shi ne yana rage haɗarin ciwo mai tsanani da kwanciya a asibiti da mutuwa. Kuma duk lokacin da aka rage yaɗuwar cutar, an rage mata damar kwafar kanta, ke nan an rage damar ɓullar sabon nau'i.

Kashin farko na rigakafi, kusan miliyan 4 na AstraZeneca, ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris, 2021 ta shirin COVAX. Aka fara yi ranar 5 ga watan, washegari aka yi wa Shugaba Muhammadu Buhari a gaban 'yan jarida. Daga baya aka kawo Moderna da Johnson & Johnson da Pfizer. Kyauta aka riƙa yi wa duk wanda ya kai shekara 18, a asibitocin gwamnati da na sha-ka-tafi. Daga 10 ga Disamba aka fara allurar ƙari ga wanda ya yi wata shida da kammala tasa, ko wata biyu idan Johnson & Johnson ya yi.

Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta so kowace ƙasa ta yi wa kashi 40 cikin 100 na mutanenta kafin ƙarshen 2021, amma a Najeriya waɗanda suka kammala ba su kai kashi 5 ba. Laifin ba na jama'a kaɗai ba ne. Ƙasashe masu arziki sun saye mafi yawan allurar tun da farko, wasu da aka aiko mana kuma sun zo dab da ƙarewar wa'adinsu. A ranar 22 ga Disamba hukumomi suka lalata fiye da miliyan 1 da suka lalace a Abuja.

Tsoron da ke da tushe, da wanda ba shi da

Idan kaka ta ce ba ta yarda da allurar ba, kada a yi mata dariya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200, 11 daga cikin yaran da ke gwajin suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta a 2009. Manya ba su manta ba. Amma akwai wani tarihin da ya kamata a tuna tare da wannan. A 2003 an dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa saboda jita-jitar hana haihuwa. Cutar ta bazu, ta nakasa yara, har ta tsallaka wasu ƙasashe. Da aka koma rigakafi, sarakuna da malamai suka shiga gaba, sai ga shi ranar 25 ga Agusta, 2020 an ayyana Afirka ta rabu da shan-inna na daji. Agana ma, wadda ta bar zane a fuskokin kakanninmu, lamba ce ta kawar da ita daga duniya a 1980.

Rigakafin korona da aka yi a nan sai da hukumar NAFDAC ta duba ta amince, kuma irinsa aka yi wa biliyoyin mutane a duniya, har da Saudiyya. Maganar cewa yana ɗauke da maganaɗisu ko wata na'urar bin diddigi ba ta da tushe.

Aikin da ke gabanku

Yawancinku ba ku kai 18 ba. Yara da matasa kuma galibi cutar ba ta yi musu tsanani. Haɗarin yana kan waɗanda kuke komawa gida ku tarar: kaka da kaka, da baba mai hawan jini, da inna mai ciwon suga.

A gidaje da yawa ɗan sakandare ne mai karanta wa iyaye saƙon waya. Kafin ka karanta wa mama wani saƙon WhatsApp, ko ki tura shi zauren ajinku, a tambaya: wa ya faɗa, kuma yaushe? Idan babu sunan NCDC ko Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ko wata kafar labarai da aka sani, a bar shi a nan. Wanda iyayensa suka yi allurar farko ya duba musu ranar komawa a jikin koren katin, ya tuna musu, ya kuma adana katin inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Daga 1 ga Disamban 2021 an wajabta wa ma'aikatan gwamnatin tarayya nuna katin ko shaidar gwaji kafin su shiga ofis, mai fita waje ma a lokacin akan nemi ɗaya daga cikinsu.

Masu komawa makarantar kwana ta tashar KTSTA ko wata tasha su sa takunkumi a cikin mota, ya rufe hanci da baki. Sanyin hunturu kan sa a rufe gilashi ruf, amma a roƙi direba ko na kusa da taga a bar 'yar kafar iska, domin a rufaffen wuri mai cunkoso cutar ta fi yaɗuwa. Haka ma tagogin aji da na ɗakin kwana. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan dawowa daga waje. Wanda ya ji zazzaɓi da tari da ciwon maƙogwaro, ko ya daina jin ƙamshi, ya faɗa wa malami ko iyaye, kada ya ɓoye don tsoron tsokana. Layin NCDC na kyauta shi ne 6232.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma wanda ya yi wata shida a gida yana jiran a buɗe makaranta ya san gaskiyar wannan magana.  Allah Ya ba da sa'a.