Cerys Matthews: Yadda sunan mai gabatar da shirin rediyo ke kawo wa masu sana'ar hannu kasuwa a Wales

A ƙasar Birtaniya, watannin Mayu zuwa Satumba lokaci ne na bukukuwan fili, domin sanyi ya yi sauƙi, rana kuma tana daɗewa ba ta faɗi ba. A irin waɗannan bukukuwa akan ga makiyayi ya kafa rumfa yana sayar da cukun da ya sarrafa da hannunsa, maƙeri yana hura wuta a gefe guda, marubuci kuma yana cikin tanti yana karanta wa jama'a littafinsa. Sau da yawa, abin da ke cika filin da mutane shi ne sunan wani sanannen mai gabatar da shiri a rediyo ko talabijin da aka buga a takardar sanarwa.

Daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan fage akwai Cerys Matthews, 'yar asalin yankin Wales. Bayan halartar bukukuwan da wasu suka shirya, ta haɗa hannu da abokanta sun kafa nasu na kansu. Labarinta ya nuna yadda farin jinin mutum ɗaya ke iya zama jari ga ƙananan masu sana'a, da kuma inda amfanin wannan jari yake tsayawa.

Wace ce Cerys Matthews?

An haife ta a birnin Cardiff a shekarar 1969. Duniya ta fara saninta ne a matsayin mawaƙiyar ƙungiyar Catatonia, wadda faifanta mai suna International Velvet ya hau matsayi na ɗaya a jerin faya-fayen da aka fi saye a Birtaniya a 1998. Ƙungiyar ta watse a 2001, ita kuwa ta koma jihar Tennessee ta Amurka ta zauna wasu shekaru, sannan ta dawo gida ta rungumi aikin rediyo.

Ta shafe shekaru tana gabatar da shirin safiyar Lahadi a tashar BBC Radio 6 Music, inda take haɗa kiɗan ƙasashe daban-daban da waƙoƙin baka da hira da marubuta da masu girki. A 2018 aka ba ta shirin kiɗan blues na tashar BBC Radio 2. A 2014 Sarauniya Elizabeth ta ba ta lambar girma ta MBE saboda hidimar da ta yi wa kiɗa.

Tana jin harshen Wales, tana kuma waƙa da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da ƙidayar 2021 ta nuna cewa masu jin harshen ba su kai kashi 18 cikin 100 na jama'a ba, gwamnatin yankin kuma ke fatan su kai miliyan ɗaya kafin 2050. A 2019 ta wallafa littafin girki mai suna Where the Wild Cooks Go, wanda ya haɗa girke-girken ƙasashe da waƙoƙinsu. Saboda haka idan ta hau dandamali tana maganar abinci ko littafi, masu sauraro sun san sana'arta take yi.

Bikin da aka kafa a Hawarden

A 2014 ita da mijinta Steve Abbott, tare da Charlie Gladstone da matarsa Caroline, suka kafa bikin The Good Life Experience a ƙauyen Hawarden da ke arewa maso gabashin Wales, dab da iyaka da Ingila. An riƙa yin sa a watan Satumba, a gandun iyalan Gladstone. Tsarinsa ya bambanta da manyan bukukuwan kiɗa inda jama'a ke tsayawa suna kallo kawai. A nan baƙo kan zauna gaban mai girki yana koyon gashi a kan wutar itace, ya gwada jifa da gatari, ya bi masani cikin daji a nuna masa ganyen da ake ci da wanda ba a ci, ya kuma kama aiki tare da masassaƙi ko maginin tukwane. Da yamma a koma wajen kiɗa da karatun littattafai.

Wurin ma yana da nasa tarihi. A Hawarden ne William Gladstone, wanda ya yi Firaministan Birtaniya har sau huɗu, ya zauna, a can kuma ya rasu a 1898. An san shi da son saran itace da gatari a matsayin motsa jiki, kuma ya bar wa ƙauyen ɗakin karatu da ya fara da littattafansa kimanin 32,000, waɗanda ya kwashi da yawansu da kansa a baro. Har yau ana iya kama ɗaki a kwana a wannan ɗakin karatu. Charlie Gladstone daga zuriyarsa yake, kuma yana da kantin sayar da amfanin gona a gandun. Ke nan ɓangare ɗaya ya kawo fili da sanin kasuwa, ɗayan ya kawo suna da sanin mawaƙa da marubuta.

Abin da ya haifar da irin waɗannan bukukuwa

Ruwa ba ya tsami banza. Yawancin abincin da ake saye a Birtaniya yana bi ne ta hannun wasu 'yan tsirarun manyan kantuna irin su Tesco da Sainsbury's da Asda. Su ke yanke farashi, su ke ƙayyade girma da kamannin kayan da za su karɓa, kuma suna son mai kawo kaya da yawa a kai a kai. Wanda ke yin cuku daga nonon shanu talatin ba shi da ƙarfin wannan ciniki.

A kan wannan matsi aka samu annoba biyu. A watan Maris na 1996 gwamnati ta amince cewa akwai yiwuwar alaƙa tsakanin cutar haukan shanu da wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kashe mutane, nan take Tarayyar Turai ta haramta fitar da naman shanun Birtaniya. A 2001 kuma cutar baki da kofato ta sa aka hallaka dabbobi fiye da miliyan shida, aka rufe hanyoyin karkara, baƙi suka ƙaurace. Wales, inda tumaki suka ninka mutane kusan sau uku, ta ji jiki ƙwarai.

A tsakiyar wannan hali ne wasu manoma biyu, Chris Wardle da Martin Orbach, suka kafa bikin abinci na garin Abergavenny a 1999, domin mai saye ya ga fuskar wanda ya noma abin da zai ci, amana ta dawo. Bikin yana nan har yau, kuma yana cikin mafiya suna a ƙasar.

Masu sayar da littattafai ma sun sha irin wannan wahala. Yarjejeniyar da ta hana karya farashin littafi ta rushe a 1995, manyan kantuna da kamfanin Amazon suka shiga sayarwa da araha. Alƙaluman ƙungiyar masu sayar da littattafai sun nuna cewa ƙananan kantuna masu zaman kansu a Birtaniya da Ireland sun ragu daga 1,894 a 1995 zuwa 867 a 2016, kafin daga baya su sake haura dubu. Haka nan a 2017 ƙungiyar Heritage Crafts ta fara fitar da jerin sana'o'in hannu da ke shirin ɓacewa saboda rashin magada. Ɗinkin ƙwallon wasan kurket da hannu, alal misali, an lissafa shi cikin waɗanda suka riga suka mutu a ƙasar.

Yadda suna ke zama ciniki

Mai shirya biki yana kashe kuɗi tun kafin baƙo ɗaya ya iso: hayar tantuna, wutar lantarki, banɗakuna, masu tsaro, inshora. Yana buƙatar a sayi tikiti tun watanni kafin ranar. Sunan da mutane suka saba ji a rediyo kowane mako shi ne ke sa su fitar da kuɗi da wuri. Idan tikiti ya tafi, mai rumfa zai yarda ya biya kuɗin wuri, domin ya san zai samu masu saye.

Ribar mai rumfa ta fi ta cinikin yini biyu. Yana sayarwa kai-tsaye ba tare da dillali ba, saboda haka kuɗin da babban kanti zai ci ya zauna a aljihunsa. Yana ba da ɗanɗano, yana bayyana dalilin da ya sa zumarsa ko burodinsa ya fi na kanti tsada. Wanda ya gamsu zai ci gaba da aiko da oda ta intanet, mai gidan abinci da ya zo yawo kuma zai iya zama mai sari na dindindin. Shi ma marubuci, da zarar an gama hira da shi a dandamali, akan kafa masa tebur ya sa hannu a littattafan da aka saya nan take.

Aikin mai gabatarwa a nan ya yi kama da na mai gabatar da baƙo ga mutanen gari. Maƙeri ko mai cuku ba lallai ne ya iya magana gaban ɗaruruwan mutane ba. Wanda ya ƙware a hira ya san tambayar da za ta sa shi ya saki jiki, ya bayyana watanni nawa cuku ke yi kafin ya nuna, ko sau nawa ake mayar da ƙarfe wuta kafin ya zama wuƙa. Mai sauraro da ya ji wannan bayani ba ya yi wa farashin kallon da yake yi masa da farko.

Akwai kuma hannun hukuma a bayan fage. Duk mai son sayar da abinci sai ya yi rajista da ƙaramar hukuma aƙalla kwana 28 kafin ya fara. Jami'an tsafta kan duba wurin aikinsa su ba shi maki daga sifili zuwa biyar, kuma tun 2013 doka ta wajabta a Wales a liƙa makin inda mai saye zai gani. Wasu kayayyakin, kamar naman ragon Wales da gishirin tekun Anglesey, doka ta kare sunayensu, ba mai ikon sayar da wani abu daban da sunan. Shaharar mai gabatarwa tana kawo mutum bakin rumfa, amma wannan takarda ta tsafta ce ke kwantar masa da hankali ya ci.

Garin littattafai da alaƙarsa da Afirka

Matthews ta sha bayyana a bikin adabi na Hay-on-Wye, ƙaramin garin da ke kan iyakar Wales da Ingila, wanda ke da kantunan littattafai fiye da ashirin. An fara bikin a 1988, ana kuma yin sa daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. Garin ya ƙulla ƙawance da Timbuktu ta Mali saboda tarihin rubuce-rubucenta. A 2014, shekarar da UNESCO ta ayyana Fatakwal a matsayin babban birnin littafi na duniya, masu bikin Hay sun haɗa hannu da masu shirya na Fatakwal aka fitar da jerin Africa39 na matasan marubuta 39 daga ƙasashen kudu da Sahara. Marubucin nan haifaffen Jos, Abubakar Adam Ibrahim, yana cikinsu.

Ƙorafe-ƙorafen da ake yi

Na farko shi ne tsada. Tikitin iyali da kuɗin mota da na kwana sun fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, abincin da ake yabo kuma ya fi na babban kanti kuɗi nesa ba kusa ba. Masu suka na cewa mazauna birni masu hali ne ke zuwa su ɗanɗani rayuwar karkara na kwana biyu su koma, su bar manomi da matsalolinsa.

Na biyu, wa ake biya? A 2016 marubuci Philip Pullman ya ajiye muƙaminsa na uban bikin adabi na Oxford saboda ba a biyan marubutan da ake gayyata, alhali ana biyan mai tanti da mai lantarki. Na uku, kuɗin masu ɗaukar nauyi. A 2024 bikin Hay ya dakatar da hulɗa da kamfanin zuba jari na Baillie Gifford bayan wasu baƙi sun janye, suna zargin kamfanin da zuba kuɗi a harkar man fetur da kamfanonin da ke da alaƙa da Isra'ila. Sauran bukukuwan adabi da kamfanin ke tallafa wa su ma suka rasa kuɗin.

Ita kanta BBC tana da ƙa'idojin da suka hana mai gabatarwa tallata kasuwancinsa a cikin shirinta, domin jama'a ne ke biyan kuɗin tashar. Dole mai suna irin Matthews ya raba aikin rediyo da harkarsa ta waje, in ba haka ba amanar da ta ba shi daraja ta zube.

Filin Hawarden ma bai tsira daga tambaya ba. Mahaifin Firaminista Gladstone, John Gladstone, ya mallaki gonakin rake a yankin Karibiyan, kuma lokacin da Birtaniya ta soke bauta an biya shi diyyar fiye da fam 100,000 a kan bayi sama da 2,500. A watan Agustan 2023 Charlie Gladstone da wasu 'yan uwansa suka tafi Guyana suka nemi gafara a bainar jama'a.

Annobar korona ta 2020, wadda ta dakatar da tarukan jama'a a faɗin Birtaniya, ta nuna raunin dogaro da biki kaɗai. Bikin Hay ya koma intanet a wannan shekara, masu rumfuna kuwa suka rasa cinikin bazara gaba ɗaya. Waɗanda suka fi jurewa su ne masu sana'ar da tun farko suka riƙe masu sayen da suka haɗu da su a fili, suka kuma iya aika musu kaya har gida.