Kumburin cikin yaro: ba kullum ne saifa ba

A ƙauye, in cikin yaro ya kumbura, sai a ce saifa ce, ko tsutsar ciki, ko rashin abinci. Sau da yawa gaskiya ne. Amma akwai wata cuta da ke ɓuya a bayan wannan kumburi. Ita ce kansar ƙoda ta yara. Ba ta da yawa, shi ya sa jama'a ba su san ta ba.

Kowane mutum yana da ƙoda 2, a baya, wajen kwiɓi, ɗaya dama ɗaya hagu. Aikinsu tace jini da fid da dauɗa ta hanyar fitsari. Wani lokaci wata tsoka takan tsiro cikin ƙoda, ta yi ta girma ba tsayawa. Wani likitan Jamus mai suna Max Wilms ya yi bayaninta a 1899, har yau likitoci na kiran ta da sunansa. Ta fi kama yara ƴan ƙasa da shekara 5, kuma mafi yawa ƙoda ɗaya take kamawa. Ba sammu ba ne, ba maita ba ce, ba a kuma ɗaukar ta wajen wani.

Yawanci uwa ce ke fara ganewa, lokacin wanka ko goyo. Sai ta ji wani ƙullutu mai tauri a gefe ɗaya na cikin. Abin da ke ruɗin iyaye shi ne sau da yawa ba ya ciwo. Yaro na wasansa, yana cin tuwonsa, ƙullutu na ƙaruwa. Wani yaron yakan yi fitsarin jini, ko zazzaɓi, ko rama.

In an ji wannan ƙullutu, kada a matsa shi, kada a murza shi da mai, kada a kai ga wanzami ya yi tsaga. Matsawa na iya fasa shi, cutar ta bazu cikin ciki. A kai yaro gidan likita mafi kusa tun da wuri. In likita ya ga alama, zai ba da takarda zuwa babban asibiti, inda ake ɗaukar hoton ciki. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa, wadda ta fara gashi da na'ura a 2021.

Magani hawa-hawa ne. Da farko ana yin allurai kamar mako 4, don ƙullutu ya ragu. Sa'an nan a yi aiki a cire ƙodar da ta kamu. Iyaye da yawa na jin tsoro a nan, amma ƙoda ɗaya lafiyayya ta ishi mutum, ya girma, ya yi noma, ya yi aure. Bayan aiki a koma ga allurai na wasu makonni ko watanni. Wasu yaran kuma sai an haɗa masu da gashi.

Babban haɗari yana a tsakiya. Alluran farko na sa ciki ya saɓe, sai a ce yaro ya warke, a koma gida, balle in damina ta faɗi. Cutar kuwa tana nan, za ta dawo, ta kan haura har huhu. A ƙasashen Turai yara 9 cikin 10 na warkewa. A Afirka ba a kai haka ba, saboda jinkirin zuwa da yanke magani.

Allurai kan sa gashin kai ya zube, yaro ya yi amai. Gashi zai sake fitowa in an gama. In zazzaɓi ya kama yaro lokacin magani, a maida shi wajen likita ran nan, ko da dare ne.