BA KOWANE JINI NE BASIR BA: Sankarar Hanji Idan Ta Kai Ga Hanta

Wanda ya saba bin hanyar Minna zuwa Bida, ya ratsa Gidan Kwano inda Jami'ar Fasaha ta Tarayya take, ya san lasifikar masu maganin basir, kamar yadda aka san ta a kowace tasha da kasuwa ta Arewa. A wurin Bagwari da Banufe da Bahaushe, jini a bayan gida sunansa ɗaya, watau basir. Sau da yawa kuwa basir ɗin ne. Amma akwai manomin doyar da zai shekara yana shan jiƙo da tsimi, yana ramewa, bayan gidansa yau gudawa gobe ɗaurewa, alhali ƙari ne yake girma a babban hanjinsa ko a duburarsa. Kafin a kai shi asibiti, sau da yawa cutar ta riga ta isa hanta.

Dalili kuwa shi ne, Allah Ya yi jinin da ya baro hanji ba ya komawa zuciya sai ya fara bi ta wata babbar jijiya ya zuba cikin hanta an tace shi. Ƙwayoyin sankara sukan bi wannan hanya su yada zango a can. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ana gano cutarsu bayan ta riga ta sauka a hanta, kusan rabin masu ita kuma takan isa can ko ba jima ko ba daɗe. Wannan dabam take da sankarar da ke farawa daga hantar kanta, wadda ciwon hanta mai lakabin B yake yawan haddasawa a ƙasar nan, maganinsu ma ba ɗaya ba ne.

A da, likita na ganin haka sai ya ce a koma gida a yi ta addu'a, domin wanda ba a yi wa magani ba da wuya ya cika shekara. Abin da ya sauya lissafi shi ne wuƙar likita. Hanta tana da wata baiwa: ko an yanke kashi biyu cikin uku nata, ragowar takan tofo cikin 'yan makonni, muddin lafiyayyiya ce. A shekarar 1999 likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering na birnin New York a Amurka suka ba da rahoton mutum 1,001 da aka yanke wa ɓangaren hantar da ya kamu. Kashi 37 cikin 100 sun kai shekara 5 da rai, kashi 22 sun kai shekara 10. Yau a manyan asibitoci adadin yakan kusanci rabi.

Sai dai ba kowa ake iya yi wa wannan tiyata ba. Da farko kamar mutum ɗaya ne cikin biyar. Likitoci sukan duba yawan ƙullutun da inda suka zauna, da hantar da za ta rage, da ko cutar ta haura huhu, kana da ƙarfin majiyyacin. Wanda nasa ya yi yawa akan fara masa ƙarin ruwa na magunguna irin su fluorouracil da oxaliplatin ko irinotecan. A 1996 Farfesa Henri Bismuth na Faransa da abokan aikinsa suka nuna cewa magani yakan motse ƙarin har wanda aka ce ba ya yankuwa ya yanku. Ƙananan ƙullutu kuma akan ƙona su da wata allura mai zafi. Wanda tiyata ta gagara sam, magani yakan kai shi shekara biyu ko biyu da rabi, ya kuma rage masa raɗaɗi, ko da yake ba warkewa ba ce.

To, a nan gizo ke saƙar. Mutumin Gidan Kwano zai fara daga Babban Asibitin Minna, ko Asibitin Ƙwararru na IBB, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida, daga nan a tura shi Abuja ko Shika ta Zariya. Sai an zura masa bututu mai fitila an leƙa hanji, an gutsuro tsoka an auna, an ɗauki hoton ciki da na ƙirji. Yawancin wannan daga aljihunsa ne, ga kuɗin mota, ga na mai jinya, kuma likitocin da suka ƙware a yankan hanta ba su da yawa a Nijeriya. Iyali da dama sukan sayar da gona a kan zagayen magani na farko, su tsaya a na uku.

Ɗaliban jami'ar ma kada su ɗauka ciwon tsofaffi ne kaɗai. Likitocin ƙasar nan sun daɗe da lura cewa majiyyatansu sun fi na Turai ƙuruciya. Chadwick Boseman, ɗan wasan fim na Amurka, yana da shekara 43 cutar ta kashe shi a 2020, a 2021 kuma aka sauko da shekarun fara gwajin hanji a can daga 50 zuwa 45.

Wanda aka yi wa tiyata lafiya ma ba a sallame shi ba ke nan, gama cutar takan dawo wa fiye da rabinsu, galibi cikin shekara biyu na farko. Shi ya sa ake ɗibar jininsa duk wata uku ko shida, ana maimaita hoto har shekara 5. In an ga sabon ƙullutu tun yana ƙarami, akan sake yanke shi.