Sitabilaiza Ta Baya: Ko Motar Ƙungiya Tana Bukatarta?

'Yan'uwa manoma, idan kaka ta yi, a-kori-kurar ƙungiya takan sha kaya: gyaɗa, gero da riɗi daga Babura, Roni da Gwiwa zuwa Kazaure. Waɗansu kanikawa sukan ba da shawara a ƙara mata sandar ƙarfe a baya, wadda suke kira sitabilaiza, wai don ta daina tangaɗi. Kafin ma'aji ya kwance kuɗi, bari mu duba aikin sandar.

Sanda ce mai lanƙwasa da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu. Idan mota ta sha kwana, jikinta yakan kwanta gefe ɗaya, sai sandar ta murɗe, ta rage kwanciyar. Amma ba kyauta take yi ba. Ɓangaren da aka ƙara wa tauri, shi ne tayoyinsa za su riga sakin ƙasa. In gaba ne, motar takan nemi miƙewa, direba ya sassauta mai, ta dawo hanya. In baya ne, bayan motar ke zamewa, kuma ba kowane direba ne zai iya tare wannan ba. Masu tseren mota a Turai suna sa ta baya da gangan domin motarsu ta juya da sauri, amma a kan kwalta mai laushi, ba buhu ko ɗaya.

Tamu dabam ce. Fijo 504 mai bodi, irin wadda aka harhaɗa a Kaduna inda aka buɗe masana'antar a 1975, da Toyota Hilux, sifirin mai ganye ne a bayansu, an riga an yi shi da tauri saboda kaya. A hanyar duwatsu ta Roni da Gwiwa kuwa, sanda takan hana ƙafa ɗaya sauka cikin rami, taya ya yi ta juyawa a banza. A ganinmu kuɗin nan asara ne.

Abin da ke sa tangaɗi galibi shokozoba ce da ta mutu, ko robobin sitabilaizar gaba da suka cinye, ko ganyen sifirin da ya karye. A fara gyara waɗannan. A jera buhuna masu nauyi a ƙasa, kusa da kan mota, a ɗaure su tam. Kada mutane su zauna bisa kaya. A auna iskar taya da safe kafin a tashi.