Lasisin Haƙar Ma'adinai da Haƙƙin Mutanen Gari

Tun da Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disamba 2024, bayan fiye da shekara biyar, maganar da ake ta ji a Anka da Bukkuyum da Gummi ita ce duk wanda ya zo da takarda daga Abuja ya gama magana. Wannan fahimta kuskure ce. Gaskiya ne sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya arzikin ƙarƙashin ƙasa, amma lasisi izini ne mai sharuɗɗa. Takardar fili ba ta ba mutum damar haƙa masai a bakin rijiyar maƙwabci, kuma sayen gona bai halatta toshe burtali ba.

Sharuɗɗan a rubuce suke. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike kafin a fara babban aiki, a kuma bai wa jama'a damar duba rahoton su faɗi ra'ayinsu. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce sai kamfani ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin kafin ya soma haƙa, ta kuma hana aiki a wuraren da mutane suke girmamawa. Ga gari irin Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, wannan ya shafi maƙabartu da wuraren tarihi.

Garin Lamu na gaɓar tekun Kenya ya nuna yadda irin wannan doka take aiki idan an riƙe ta. Tsohon gari ne na Musulmin Suwahili, sananne da taron Mauludi, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Kamfanin Amu Power ya samu lasisin gina tashar lantarki mai amfani da kwal, mai ƙarfin megawat 1,050, a Kwasasi kusa da garin. Wasu mazauna yankin da ƙungiyar Save Lamu suka kai ƙara. A ranar 26 ga Yuni 2019 kotun muhalli ta soke lasisin, bisa hujjar cewa ba a tuntuɓi jama'a yadda ya kamata ba, binciken ma bai cika ba.

Yammacin Zamfara ya san kuɗin sakaci. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Yargalma, kuma sai a 2013 aka share gubar daga ƙauyen Bagega. Wancan haƙar hannu ce, ba ta kamfani ba, amma ƙurar dalma ba ta duba takarda. Abin da aka wanke a sama kuwa, Gulbin Zamfara na iya kai shi Gummi.

Ƙofar kotu a buɗe take a Najeriya ma. A 2018 Kotun Ƙoli ta yarda ƙungiya mai zaman kanta tana iya kai ƙarar gurɓata muhalli a madadin jama'a. Abin da ya rage shi ne al'umma su nemi ganin rahoton da yarjejeniyar tun kafin injin ya iso, domin da wuya jami'i ya kawo su ƙauye don ra'in kansa.