Cikon tallafin haraji a Birtaniya: Haƙƙi ne da ya makara ko bashi ne ke tafe?

Shekaru da dama, iyalai a Birtaniya sukan wayi gari su tarar da kuɗi a asusunsu na banki daga hukumar tattara haraji ta ƙasar, HMRC, ba tare da sun nemi komai ba. Wani lokaci 'yan ɗaruruwan fam ne, wani lokaci dubbai. Kuɗin kan zo da sunan cikon tallafin haraji da aka biya su ƙasa da yadda ya kamata a baya.

Ga mai kallo daga nesa, wannan tsuntsu ne daga sama gasasshe. Ga wanda ya san tsarin kuwa, kuɗin ɗayan biyu ne: ko dai haƙƙinsa ne da ya makara, ko kuskure ne da za a dawo a karɓa. Sanin bambancin shi ne ke raba mai cin halalinsa da mai ɗora wa kansa bashi, kuma batun ya shafi 'yan Najeriya da ke zaune a can da danginsu da ke dogara da abin da suke turowa gida.

Mene ne tallafin haraji?

Duk da sunansa, ba rangwame ba ne a kan harajin da mutum ya biya. Kuɗi ne da gwamnati ta riƙa zuba wa masu ƙaramin ƙarfi a asusunsu duk mako ko duk mako huɗu. An fara shi a watan Afrilun 2003, lokacin Tony Blair na Firaminista, Gordon Brown kuma na riƙe da ma'aikatar kuɗi.

Kashi biyu ne. Akwai Child Tax Credit na masu renon yara, akwai kuma Working Tax Credit na ma'aikatan da albashinsu bai taka kara ya karya ba, har da masu sana'ar kansu. An rufe tsarin ranar 5 ga Afrilun 2025, aka mayar da masu cin gajiyarsa zuwa Universal Credit, wanda ma'aikatar ayyuka da fansho, DWP, ke gudanarwa. Sai dai rufe tsari ba ya rufe lissafi: tsofaffin haƙƙoƙi da basussukan da suka taso daga cikinsa suna nan ana warware su.

Daga ina gibin ke fitowa?

Tushen matsalar yana cikin yadda aka gina tsarin tun farko. Shekarar haraji a Birtaniya tana farawa ne ranar 6 ga Afrilu, ta ƙare ranar 5 ga Afrilun shekara mai zuwa. A farkon shekara babu wanda ya san nawa iyali za su samu, don haka hukuma takan yi ƙiyasi da abin da suka samu bara, ta riƙa biyan su a kan haka. Sai shekara ta ƙare a zauna a yi lissafin gaskiya, bayan iyalin sun tabbatar da bayanansu, yawanci kafin 31 ga Yuli.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa karɓar kaya a kan amana ya san wannan tsari: ana ba da wani abu a hannu, ranar lissafi ce ke nuna wa ke bin wa.

Ga misali da ƙa'idojin shekarun ƙarshe na tsarin. Idan kuɗin shigar iyali ya wuce wani mataki, ana rage musu fam 41 na tallafi a kan kowane fam 100 da suka samu sama da matakin. Idan samunsu ya sauya tsakanin bara da bana, ana kau da kai daga fam 2,500 na farko. A ce magidanci ya rasa wasu awannin aiki, samunsa ya ragu da fam 6,500, bai kuma sanar da hukuma ba. Ranar lissafi za a cire fam 2,500, saura fam 4,000. Kashi 41 cikin 100 na wannan shi ne fam 1,640, kuma shi ne cikon da za a biya shi a dunƙule.

Juya lissafin kuma ka ga ɗaya fuskar. Da samunsa ƙaruwa ya yi da fam 6,500, to fam 1,640 ɗin nan shi za a ce ya mayar. Ƙofar da ciko ke shigowa ta nan bashi ke shigowa. A shekarar farko ta tsarin kaɗai, an biya iyalai kusan miliyan 1.9 fiye da haƙƙinsu, kuɗin da ya kai kimanin fam biliyan 2, yayin da wasu dubban ɗaruruwa aka biya su ƙasa da nasu.

Idan laifin na hukuma ne

Ba kowane gibi ne ke fitowa daga sauyin albashi ba. A ƙarshen 2016 ta bayyana cewa iyalai kusan 28,000 masu renon yara masu buƙata ta musamman sun daɗe ba sa samun ƙarin da doka ta ware musu, wanda kan kai fam 4,400 a shekara ga yaron da larurarsa ta yi tsanani. Dalili shi ne bayanan da ya kamata su riƙa tafiya daga DWP zuwa HMRC sun tsaya a hanya tsakanin 2011 da 2014.

Gwamnati ta biya iyalan ciko, amma daga watan Afrilun 2016 kawai ta fara lissafi. Shekarun da suka gabata sun bi ruwa, bisa hujjar cewa nauyin sanar da hukuma yana wuyan mai neman tallafin. Darasin da ke nan mai ɗaci ne: kuɗin da ya zo ba zato yana iya zama ɗan ɓangare ne kawai na abin da mutum ya rasa. Wanda murna ta hana shi karanta takarda ba zai san daga wace rana aka fara ƙirga masa ba.

Irin wannan ta sake faruwa a fanshon gwamnati. A 2021 ofishin binciken kuɗin gwamnati na ƙasar ya ƙiyasta cewa an biya tsofaffi kusan 134,000, akasarinsu mata, ƙasa da haƙƙinsu da sama da fam biliyan 1, saboda kurakuran da suka taru shekara da shekaru.

Kafin a taɓa kuɗin

Abu na farko shi ne a jira takarda. Kowane ciko na gaskiya yana tafe da bayanin shekarar da ya shafa da alƙaluman da aka yi amfani da su. A gwada su da takardun albashi ko lissafin sana'a. Idan hukuma ta rubuta samun iyali ƙasa da yadda yake, cikon ya kumbura ke nan, kuma ranar da aka gano za a nemi rarar. Ana iya zare irin wannan bashi daga Universal Credit wata-wata, ko daga albashi kai tsaye.

Na biyu, a kula da lokaci. Wanda bai gamsu da hukuncin ba yana da kwana 30 ya nemi a sake dubawa, daga nan kuma yana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ke sauraren irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. Ƙungiyoyi irin su Citizens Advice suna ba da shawara kyauta.

Na uku, a san tasirinsa ga sauran tallafi. Ba a biyan haraji a kan wannan ciko. Amma a Universal Credit, ajiyar da ta haura fam 6,000 tana rage abin da ake biyan mutum, idan ta wuce fam 16,000 kuma tallafin ya tsaya. Doka ta yi sassauci: ba a ƙirga cikon a matsayin ajiya har tsawon wata 12.

Na huɗu, a yi hattara da 'yan damfara. HMRC ba ta tura saƙon waya ko imel tana neman lambobin katin banki domin ta biya ciko. Duk saƙon da ya ce a latsa wani wuri cikin gaggawa kafin kuɗi su wuce, tarko ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da ya shafi 'yan ci-rani

Yawancin waɗanda suka shiga Birtaniya da bizar karatu ko ta aiki suna ƙarƙashin sharaɗin da ya haramta musu cin tallafin gwamnati, kuma tallafin haraji da Universal Credit duk suna cikin jerin. Idan irin wannan kuɗi ya faɗo asusun mai wannan sharaɗi, ya nemi shawarar masanin dokar shige da fice tun kafin ya taɓa ko sisi, domin cin sa na iya ɓata masa takardun zama.

Kada a haɗa wannan da mayar da rarar harajin albashi. Wanda aka cire wa haraji fiye da ƙima yana da haƙƙin a mayar masa, ko wace irin biza yake da ita, kuma yana da shekara 4 ya nema.

Ma'aikacin gwamnati a nan gida da ya taɓa jiran ariyas na ƙarin girma, ko ya ga an zare masa rarar da aka ce an biya shi bisa kuskure, ba baƙo ba ne ga wannan labari. Don haka idan ɗan'uwa ya bugo daga Landan ko Manchester yana albishir da kuɗin da bai yi zato ba, kafin a fara lissafin bulo da siminti, a tambaye shi ko takardar ta iso, da kuma abin da ta ce.